Keke Mara Birki a Gangaren Bab al-Wazir

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa, "Narmin, ki zauna ki faɗa wa Babanki gaskiya kawai," na gode da shawara, amma ba ku san Babana Hagg Subhi ba (Hagg shi ne Alhaji a bakinmu). Da kun san shi, cewa za ku yi in tattara kayana in gudu ƙauye wurin kakata. Ni da nake rubuta muku wannan, gabana bai daina faɗuwa ba tun ranar Asabar.

Na ga sababbin masu karatu sun shigo, bari in ɗan koma baya. Babana tun yana saurayi yake rabon gurasa a titunan Alƙahira, dogon allo a ka shaƙe da gurasa mai zafi, hannu ɗaya riƙe da allon, ɗaya a kan keke, yana kurɗawa tsakanin motoci. Sai da furfura ta fara fito masa sannan Allah ya ba shi tanderun kansa a unguwarmu ta Sayyida Zainab. Har yau wuyansa ba ya juyawa sosai saboda dakon da ya sha. Kuma babu abin da ya tsana a duniya irin ya ga ɗan cikinsa a kan keke. Yayana Tamir ya taɓa aron na abokinsa muna yara, ranar sai da maƙwabta suka shigo ba da haƙuri. Maganar Baba ɗaya ce kullum: "Na hau keke ne don kada ku hau. Kun san abokaina nawa na jawo daga ƙarƙashin bas?"

To ni ce 'yarsa, ni ce kuma mai hawan keke a ɓoye. Duk Juma'a da sassafe, gari na barci, mukan haɗu mu 'yan mata a bakin Nilu mu zaga gari. A gida an san motsa jiki nake zuwa da ƙawaye, kuma ai ba ƙarya na yi ba. A nan na haɗu da Wa'il, mai bin bayanmu da jakar sifana da faci. Sana'arsa haɗa kekuna. Ya turo manyansa gidanmu, Baba ya sha shayi da su, ya ce zai yi bincike. Daga nan shiru. Kalma ɗaya muke jira daga bakinsa, ni da Wa'il, kuma mun san ƙaramin abu zai iya mayar da ita a'a.

Ranar Asabar ɗin na fito da shirin aiki, don rabin wuni nake yi a ɗakin gwajin jini. Doguwar rigata ruwan toka na sa mai tsaga a gefe, da baƙin wando a ciki, mayafi ruwan zuma, da fararen kambas. Mama na zaune a kicin tana yanka lalo, wuƙar tana ta kai da komo a kan katako. Ba ta ɗago ba, amma ta gan ni tsaf.

"Wannan wandon fa a ƙarƙashin riga? Ƙwallo za ki buga?"

"Sanyin injin ofis ne, Mama."

"Uhm. Ɗan Anti Nawal ya sake tambayarki jiya. Mutum da kantin maganinsa, da motarsa mai sanyi, hannunsa tas kamar na amarya. Ke kuma kin nace wa mai baƙin mai a farce."

"Mama, Baba ma ai da gari a farce kika aure shi."

"Shi ya sa nake gaya miki! Ni na san abin da na gani."

Dariya ta kusa kuɓuce min, na danne. Na tambaye ta ina Baban, ta ce ya fita tun ɗazu da sabuwar jallabiyarsa ruwan ƙasa, har da turare, bai ce ga inda za shi ba. Wallahi a lokacin ko a jikina. Na ɗauka ɗaurin aure ne ko ta'aziyya.

Ina cikin bas wayata ta yi motsi. Wa'il ne.

"Na haɗa miki guda biyu. Ki biyo in kin tashi ki zaɓa."

Na rubuta, "Ina tsoro. Baba bai ba da amsa ba, in wani ya gan ni a shagonka fa?"

"Wa ya san ki a Bab al-Wazir? Ki zo ki gwada ki tafi, ko shayi ba zan ba ki ba."

"Marowaci."

"Mai kiyaye mutuncinki dai."

Kada ku ce son banza ne ya kai ni. Na gaji da matsatsin bas, na gaji da mazan da ba su san inda za su ajiye hannunsu ba. Na daɗe ina mafarkin keke nawa na kaina, in ajiye shi gidan ƙawata, in riƙa zuwa aiki iska na kaɗa ni babu mai gogar kafaɗata.

Shagon Wa'il yana can sama, gindin Ƙal'a, tsohon sansanin nan mai ganuwa, daidai inda titin ya fara gangarowa. Ƙaramin wuri ne, ƙarafan kekuna rataye a bango, warin mai da roba, sai wani tsohon labule mai zanen fulawa da ya raba gaba da ɗakin ajiyar tayoyi. Da na tashi daga aiki na je, na same shi da riga mai gajeren hannu, ya goge hannunsa da tsumma har sau biyu, amma duk da haka bai miƙo min ba, ƙirjinsa kawai ya dafa.

Ga kekunan biyu nan a jingine. Ɗaya shuɗi ne, ƙirar zamani, bututunsa masu kauri, da birki a gaba. Ɗayan kuwa, jama'a, kallo ɗaya na yi masa na ji zuciyata ta tafi. Kore ne irin na ganyen zaitun, siriri, tsohon ƙarfe ne da Wa'il ya tsinto a kasuwar Juma'a cikin tarkace, ya kankare tsatsar ya sake masa fenti. Duk inda bututu ya haɗu da bututu akwai wata 'yar kwala ta ƙarfe mai lanƙwasa kamar aikin maƙerin zinariya.

"Shuɗin ya fi sauƙin ɗauka in za ki hau bene da shi," in ji Wa'il. "Amma duk ramin da kika faɗa sai kin ji shi a haƙoranki. Shi koren ƙarfe ne na gaske, yana shanye girgiza. In ya lanƙwashe a miƙe shi, in ya tsage a yi masa walda. Zai iya kai ki har tsufa."

"To me ya sa kake ta tallata min shuɗin tun jiya?"

"Saboda shi yana da birki. Koren don filin tsere aka ƙera shi, ko hujin da za a ɗaura birki babu. Sai na huda."

"Kada ka huda min shi, za ka ɓata masa kyau. Ai na iya tsayawa da ƙafa."

"A bakin Nilu ranar Juma'a, titi fayau. Ba a Sayyida Zainab ranar Litinin ba. Narmin, ba za ki fita da shi daga shagon nan babu birki ba, ko za ki yi fushi da ni shekara."

Ga wanda bai san irin kekunan nan ba: duka biyun kafaffu ne. Feda da tayar baya a ɗaure suke da juna. Muddin taya na juyawa, feda na juyawa, babu zancen ka tsayar da ƙafa ka huta keke ya yi ta tafiya da kai. In kana son rage gudu, da ƙafarka za ka riƙa danne fedar ta baya. Ni abin da ya sa nake son su ke nan, kana jin titi a cikin ƙafarka. Amma ranar da na fara hawa na manta na tsayar da ƙafa, saura kaɗan ya cilla ni ta kan tayar gaba.

Na tsaya a kan koren ya auna ni, ya sauke sirdin daidai tsayina. Na ce na zaɓa, shi nake so, ya huda ɗin in ya ga dama. Yana murmushi ya juya zai ɗauko abin huji, sai muka ji murya daga gidan shayin da ke maƙwabtaka.

"Salamu alaikum. Nan ne shagon wani Wa'il mai kekuna?"

Ko a cikin kasuwa aka yi muryar nan zan gane ta. Ashe binciken da Baba ya ce zai yi, da ƙafarsa zai zo, shi ya sa ya sa turare. Wa'il ya kalle ni, fuskarsa ta koma kamar takarda. Ya nuna min labulen da ido. Na fizgi jakata na faɗa cikin tayoyi, na tsuguna, na kashe ƙarar waya.

"Hagg! Marhaban, marhaban, ka haskaka mana wuri. Bismilla ga kujera. Shayi ko gahawa?"

"Ba zama na zo yi ba, Usta." Usta laƙabin ƙwararren mai sana'a ne, amma yadda ya ja kalmar kaɗai ya isa ka san ba girmamawa ba ce. "Na zo in ga inda kake son 'yata ta ci abinci daga ciki."

Ta wata 'yar ɓula a labulen nake kallonsu. Baba ya zaga shagon hannuwansa a baya, yana duba bango, yana duba ƙasa. Ya wuce shuɗin ko kallo na biyu bai yi masa ba. Da ya zo kan koren sai ya tsaya. Ya ƙwanƙwasa bututun da zobensa, ya saurari ƙarar. Ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ajiye. Na ga wani abu a fuskarsa da ban taɓa gani ba, irin kallon da mutum yake wa tsohon abokin da suka yi faɗa.

"Wannan ƙarfe ne," ya ce a hankali. "Ba irin gwangwanin da kuke sayarwa yanzu ba. Kai ka gyara shi?"

"Ni ne, ya Hagg."

"Ba laifi." Daga bakin Baba, wannan yabo ne babba. Har na fara jin sanyi a raina, sai ya dafa sirdin. "Wane gajere ne zai hau wannan?"

Wa'il ya ce, "Wata mai saye ce."

"Mace?"

"E, ya Hagg."

"Ubanta na raye?"

"Yana raye."

"Allah ya shirye shi."

Na toshe bakina da gefen mayafi. Zufa ta bi bayana har cikin wando. A raina ina ta addu'a ya juya ya tafi, ya tafi kawai, ko da a'a ɗin ce a ji da ita daga baya. Maimakon haka sai na ga ya tattaro gindin jallabiyarsa ya soke a ƙugu.

"Bari in ji ko aikin naka ya tsaya a fenti."

"Hagg, don Allah, wannan bai gama haɗuwa ba. Babu birki."

Baba ya yi dariya. "Birki? Yaro, kafin a haife ka silifas ɗina ne birkina. In ɗora a kan tayar gaba, ga gurasar unguwa guda a kaina, ko ɗaya ba ta faɗi."

"Ba shi kaɗai ba ne, ya Hagg. Fedarsa ba ta tsayawa. In ka saki ƙafa..."

"Keke za ka koya min?"

"A'a wallahi, amma ga shuɗin nan, shi..."

"Na ce keke za ka koya min? Ni Subhi?"

Wa'il ya ja da baya. Na san abin da ke ransa, in ya riƙe keken ya hana, ya wulaƙanta surukinsa a gaban 'yan gidan shayi da suka fara leƙowa, magana ta mutu ke nan. Ya waiwayo ya kalli labulen, kallo ɗaya. Ni ma na san abin da ke raina. In na fito, Baba zai ga 'yarsa a ɗakin ajiyar saurayin da bai amince da shi ba tukuna. Na ce wa kaina zai ɗan zaga ƙofar shago ne ya dawo. Na ce ai gwani ne. Na ci gaba da tsuguno.

Baba ya fitar da keken, ya haye da tsalle ɗaya kamar ɗan shekara ashirin. Bai ko kalli maɗaurin ƙafar da ke jikin fedar ba. Ya taka, ya yi kwana mai kyau a gaban gidan shayi, har ya saki hannu ɗaya ya ɗaga musu, suka yi masa tafi. "Allah ya ƙara lafiya, Hagg!" Sai ya miƙe kan keken ya nufi gangare.

Na miƙe tsaye ban sani ba, na yaye labulen rabi. Ina ganin bayansa ta ƙofa. Ya taka, ya taka, keken ya ɗauki gudu. Sai ya yi abin da ya saba yi duk rayuwarsa in ya zo gangare: ya tsayar da ƙafafunsa zai huta.

Fedar ta ɗaga shi sama daga kan sirdin. Ya dawo da ƙarfi, kan keken ya yi hagu ya yi dama, ƙafafunsa duka biyu suka zame. Silifas ɗinsa na dama ya yi sama ya faɗa tsakiyar titi. Allah ne kaɗai ya sa bai kifa ba. Ya ware ƙafafu yana neman feda, ita kuwa tana ta juyawa da gudu tana dukan ƙwaurinsa. Wa'il ya yi ihu ya bi shi a guje da ƙafa.

Ni na san titin nan. Yana gangarowa ne ya yi 'yar lanƙwasa, sannan ya faɗa mahaɗa inda ƙananan bas suke wucewa ba sa tsayawa don kowa. Mai gudu da ƙafa ba zai taɓa cim masa ba.

Ban tuna lokacin da na yar da jakata ba. Na dai tsinci kaina a kan shuɗin, rigata a tattare, ƙafafuna cikin maɗauri, 'yan gidan shayi sun saki baki suna kallon macen da ta fito daga inda babu mace. Na wuce Wa'il yana kiran sunana. Na taka kamar raina zai fita. Duwatsun titin suna girgiza ni har idona na rawa, wani mai tura baro ya ja baya yana zagi, wata mata ta fizge ɗanta ta manne da bango. Abin da kawai nake gani shi ne jallabiyar Baba ta kwance daga ƙugunsa, gefenta na lilo dab da sarƙa. In sarƙar nan ta kama ta, ba za ta tsaya ba.

Na iso gefensa bayan lanƙwasar. Ga mahaɗar can ƙasa, fararen bas suna giftawa. Na miƙa hannun hagu na cafki ƙarfen ƙarƙashin sirdinsa, na matse birki da na dama, na danne feda da duk ƙarfin ƙafafuna. Nauyinsa ya fizge ni har na ji kafaɗata kamar za ta fita. Tayata ta baya ta fara ja a ƙasa.

"Ɗaya ƙafar!" na yi ihu. "Silifas ɗin hagu, ɗora a taya! Baba, ɗora!"

Bai iya waiwayowa ba saboda wuyansa, amma na ga bayansa ya sandare da ya ji muryar. Ya ɗaga ƙafar hagu ya danna a kan tayar gaba. Warin roba mai ƙonewa ya tashi. Gudun ya ragu, ya ƙara raguwa, kekunan biyu suka harɗe, muka tafi gefe tare muka zube jikin ƙofar wani shago da ke rufe. Wata bas ta wuce gabanmu da hon, kusa har na ga fuskar yaron motar.

Na ɗan jima a kwance. Tafin hannuna ya saɓule, mayafina ya zame har wuya, na ja shi da sauri. Baba na zaune a ƙasa, ƙafa ɗaya babu takalmi, jini na bin ƙwaurinsa, sabuwar jallabiyar ta yage daga gwiwa. Yana numfashi sama-sama. Da ransa, Alhamdulillahi, da ransa.

Kafin ka ce me, mutane sun kewaye mu. Wannan ya kawo kujera, wancan ruwa, wata tsohuwa tana ta shafa kaina tana salati. Wa'il ya iso yana haki, ya durƙusa gaban Baba zai duba ƙafar, Baba ya janye ta ba tare da ya kalle shi ba. Ni kuwa na kasa haɗa ido da kowa. Jira nake Baba ya yi min tsawa, ya mare ni a gaban jama'a, wallahi da na karɓa da hannu biyu.

Wani dattijo mai sayar da lemo ya taimaka masa ya miƙe, yana kaɗe masa ƙura. "Hagg, sai ka yi sadaka yau. Ba don yarinyar nan ba da yanzu wani labarin ake. Na ga gudun maza a titin nan, ban taɓa ganin irin nata ba. Allah ya yi wa uban da ya haife ta albarka." Ya dube ni, ya dubi Baba. "Na ji kamar Baba ta kira ka. 'Yarka ce?"

Baba ya dube ni tun daga kambas ɗina, da wandon da ya fito fili, da keken da ke kwance a gefena, har fuskata. Idanunsa sun yi ja.

"Ban san ta ba," ya ce.

Ya ɗaga wa wani tuk-tuk, ɗan babur ɗin haya mai ƙafa uku, hannu. Sai da ya shiga ya zauna, ya jawo ƙafar mai jini ciki, sannan ya leƙo ya yi min magana da irin muryar da yake wa baƙin da suka zo sayen gurasa.

"Allah ya saka miki da alheri, 'yar mutane. Ki gaida mutanen gidanku."